Na haɗa taransifomar fiyezo huɗu a allo ɗaya, wuta ba ta ƙaru ba, ɗaya kuma ta tsage

Ɗan Katako, Yamai:

Assalamu alaikum malamaina da abokan sana'a. Ina gyaran talho da kwamfuta a wani ƙaramin shago kusa da kasuwar Katako, kuma babu abin da ke ɓata mini aiki kamar ƙura, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu, domin da zarar na ɗaga gilashin talho sai ta shige ƙarƙashinsa kafin in mayar. Saboda haka na ƙudurta haɗa ƙaramar matatar iska ta lantarki, wato siririyar waya da ke ɗora wa ƙura caji da farantan alminiyom da ke janye ta. Abin da nake nema shi ne volt 5,000 zuwa 6,000 na wuta miƙaƙƙiya, da gudun da bai wuce miliamfa ɗaya da rabi ba, duka daga batir ɗin hasken rana mai volt 12.

A cikin tarina na tsofaffin kwamfutocin cinya na ciro sandunan tangaran guda shida iri ɗaya, waɗanda ake kira taransifomar fiyezo, kowace tsawonta milimita 30. Da na gwada guda ɗaya ita kaɗai ta yi aiki a wajen kilohaz 55, amma ƙarfinta bai kai abin da nake so ba. Sai na jera huɗu a kan allo, na manne bakin kowace da gam mai kamawa nan take, na haɗa wayoyin shigarsu wuri ɗaya, na fitarsu ma wuri ɗaya, na kora su da 555, ɗan guntun lantarki mai kunna wuta yana kashewa da sauri, da taransista biyu, ina murɗa mita, wato yawan kai-komon wutar a daƙiƙa, da hannu. Wutar da na samu da ƙyar ta ɗara ta guda ɗaya, taransistocin suka yi zafin da ba a iya taɓawa, kuma kafin a yi kwata na awa sai na ji ƙas, ɗaya ta rabe daidai tsakiyarta. Washegari na gwada haɗa fitar biyu a sarƙa don volt ya ninku, ban samu komai ba sai tartsatsi. Yanzu biyar suka rage, kuma ba abu ne da ake samu kullum a Katako ba. Ina roƙon wanda ya san kan abin nan ya nuna mini inda na kuskure kafin in ƙarasa sauran.

Tsohon Malamin Lantarki, Tawa:

Wa alaikumus salam ɗana. Tushen matsalarka shi ne ka ɗauki wannan sanda kamar taransifomar ƙarfe da naɗin waya, alhali ita abu ce mai kaɗawa, ta fi kusa da kuge fiye da bobin. Tun 1880 Jacques da Pierre Curie suka gano cewa wasu duwatsu na fitar da caji idan an matse su, a shekarar da ta biyo baya kuma aka tabbatar cewa idan an ba su wuta suna miƙewa su takure. Charles Rosen ne ya haɗa halayen biyu a sanda ɗaya a Amurka cikin shekarun 1950, kuma irin tasa ce ke hannunka. Rabin sandar na farko, mai shafen azurfa sama da ƙasa, yana karɓar wuta ya mai da ita motsi; rabi na biyu yana karɓar motsin ya mai da shi wuta mai ƙarfi a can ƙarshen sandar. Babu maganaɗisu ko kaɗan a ciki, shi ya sa masu ƙera kwamfutar cinya suka so ta a shekarun 1990 don kunna siririyar fitilar da ke bayan fuska: ba ta da kauri, ba ta kama wuta, ba ta kuma watsa hayaniyar maganaɗisu.

Tsawon sanda ne ke yanke mitar da take kaɗawa. A irin wannan tangaran, wanda ake kira PZT, sauti na tafiyar kusan mita 3,300 a daƙiƙa, don haka sanda mai milimita 30 za ta yi kaɗawarta ta farko a wajen kilohaz 55, kamar yadda ka gani, ta biyu kuma kusa da 110. A kaɗawa ta farko bakunan biyu ne ke kai da komowa, tsakiya kuwa tana tsaye cik. Ni nakan kira wannan wuri gaɓa, kamar gaɓar kara. Kai kuwa ka je ka manne bakunan, wato daidai wurin da ya kamata ya fi kowane sakewa. Ɗauki kwanon sha ka riƙe shi a baki ka ƙwanƙwasa, sannan ka ɗora gindinsa a kan yatsa ka sake ƙwanƙwasawa, kunnenka zai gaya maka yawan ƙarfin da gam ɗinka ya cinye. Kuma gaɓar da ba ta motsi ita ce wurin da jikin tangaran ya fi shan ja da matsa, shi ya sa sandarka ta rabe a tsakiya ba a gefe ba.

Amma gam ba shi ne babban laifin ba. Ko da ka riƙe su daidai, haɗa fitarsu wuri ɗaya yana da haɗari, kuma a nan nake so ka tsaya ka fahimta. Sanduna biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya ba su cika yin mita ɗaya ba. Bambancin sulusin milimita a tsawo ya isa ya kawo bambancin kashi ɗaya cikin ɗari, wato haz 550. Wannan tangaran kuwa mai tsanani ne a zaɓen mita: sandar da ba a ɗora mata kaya ba, wato abin da ke jan wutarta, tana amsawa sosai a ɗan tsakanin da bai wuce haz ɗari ko ɗari biyu ba. Idan shigarsu ɗaya ce, fitarsu ma ɗaya, to abin da ke raba musu aiki shi ne nisan kowace daga mitarta ta asali. Wadda mitar korarka ta fi kusa da tata ita za ta kwashi mafi yawan kaya, sauran suna rakiya. Mafi muni shi ne idan ka murɗa har mitar korar ta faɗa tsakaninsu, wasu na sama da ita wasu na ƙasa, domin a lokacin motsinsu zai saɓa, wuta ta riƙa zagayawa daga wannan zuwa waccan ba tare da ta kai ga kaya ba. Ka taɓa ganin mata uku suna lugude a turmi ɗaya. Muddin hannu ya daidaita aiki na ci, da zarar ɗaya ta sauya sai taɓare su riƙa karo a sama hatsi na kwance. Ina kyautata zaton abin da ya faru a allonka ke nan.

Akwai kuma yiwuwar ka juya ɗaya a wajen haɗi. Kowace sanda an ba ta alƙibla a masana'anta da wuta mai ƙarfi, kuma idan ka musanya wayoyin shigarta, fitarta za ta riƙa hawa lokacin da ta ƴan'uwanta ke sauka.

Kafin ka sake kunna komai, ka auna kowace sanda ita kaɗai. Ɗora ta a kan ɗan guntun roba a tsakiyarta, ka ba ta volt ɗaya ko biyu kawai, ka haɗa wayar fitarta da wayar gama-gari, ka sa ƙaramin rezisto a hanyar shiga, ka murɗa mita a hankali har gudun wuta ya kai ƙololuwa. Rubuta lambar a takarda ka liƙa kusa da ita, ka kawo mana nan.

Ƴar Adar, Yamai:

Allah ya saka wa Malam da alheri, bayaninsa ya wadatar a kan dalili. Ni zan yi magana a kan aikin hannu, domin na yi shekaru ina kula da kayan awo a ɗakin gwaji, kuma na fasa irin waɗannan sanduna da hannuna kafin in koyi riƙonsu.

Ƙanena, haɗin sarƙar da ka gwada ba zai taɓa yiwuwa ba a irin ta Rosen. Ƙirga ƙafafunta, uku ne: shiga, fita, da ɗaya ta gama-gari da ɓangarorin biyu ke tarayya a kanta. Da ka ɗora ta gama-garin sanda ta biyu a kan fitar ta farko, ka mayar da wajen volt dubu kai tsaye zuwa ga taransistocinka. Idan volt kake so ya ninku, a bayan diyod ake ninka shi, da tsanin diyod da kwandansa, wato ma'ajiyar caji, irin na Cockcroft da Walton. Volt 1,000 na wuta mai kai-komo ƙololuwarsa 1,414 ce, tsani mai ninki huɗu zai kai ka wajen 5,600 idan ba kaya, ya ɗan sauka idan an ɗora. Shawarata ita ce kowace sanda ta sami tsaninta, sai a haɗa su a can ƙarshe inda wuta ta riga ta miƙe. Ta haka ba ruwan wata da lokacin hawa da saukar wata, ko ka juya alƙibla ma babu ɓarna. Kada ka sa diyod 1N4007, jinkiri gare shi a wannan mita, haka ma yawancin diyod ɗin da ake cirowa daga tandun dumama abinci, domin don haz 50 aka yi su. Nemi UF4007, ka jera huɗu a madadin kowane diyod ɗaya, tunda kowanne volt 1,000 yake ɗauka, wurin kuwa zai ga kusan 2,800.

Game da zama, ɗigo biyu na silikon a gefen gaɓa sun isa, sandar ta tashi daga allo da kamar milimita biyu, bakunanta na lilo a iska. Ka shinshina silikon ɗin kafin ka saya: mai warin binigar yana fitar da tsami yayin bushewa, yana cin azurfa da tagulla. Kada kuma ka ɗora dukkansu a kan katako ko ƙarfe ɗaya mai tauri, domin motsin wannan zai bi ta ciki ya taɓa waccan.

Wajen liƙi, shafen azurfar nan siriri ne ƙwarai, dalma mai zafi tana lashe shi cikin ƴan daƙiƙoƙi, sai ka ga wurin ya koma fari babu abin kamawa. Tangaran ɗin ma yana rasa alƙiblarsa gaba ɗaya idan ya kai wajen digiri 300, kuma yana fara rauni tun kafin nan. Don haka ka shafa wa wayar dalma tukuna, ka taɓa ƙarfen liƙi a kan azurfar daƙiƙa biyu ka ɗauke, ɗigon kada ya fi ƙwayar gero. Wayoyin shiga su zauna kusa da gaɓa. Ta fita ce mai wuya, tunda dole ta zauna a baki inda motsi ya fi yawa. Zare sili biyu ko uku daga waya mai laushi, ka yi musu ɗan lanƙwasa kamar ƙugiya don su riƙa bin motsin. Na taɓa sa waya mai kauri a nan, bayan kwana uku na tarar ta ɓalle ta tafi da azurfar bakin gaba ɗaya, kamar an ɓare ƙwai.

Abu na ƙarshe shi ne awo. Fitar sandar nan kwandansa ce ƙarama, fikofarad goma zuwa ashirin, tsinken osiloskof, na'urar da ke nuna siffar wuta, na yau da kullum kuwa shi kansa yana da kusan haka, ga shi ba a yi shi don volt dubu ba. Da ka taɓa shi ka sauya mitar abin da kake aunawa. Jera rezisto goma masu kilo'om 22 da wat ɗaya a matsayin kayan gwaji, ka ƙara mai om 220 a ƙasansu, ka auna a kansa ka ninka da dubu. Kada ka goge sandar da takardar yashi don daidaita tsawo. Fiye da rabin nauyinta dalma ce, ba ƙurar da za a shaƙa ba ce.

Mai Gyaran Talabijin, Wadata:

Ranku ya daɗe, ina da ɗan ja. Wannan wahala duka don wat tara? Tsohuwar talabijin mai ƙusumbi tana da taransifomar layi da ke ba da fiye da volt 20,000, da diyod ɗinta a ciki, kuma tana jibge a kowace rumfar gyara. Taransista ɗaya da 555 ɗin da yake da shi sun ishe shi, ya rage kora har ta sauko 6,000. Ba ta tsagewa, ba ruwanta da gaɓa, ba ta kuma gudun mita idan shago ya yi zafi a watan Afrilu. Ni da shi ne da na adana sandunan nan don aikin da ƙanƙanta ta zama dole.

Ɗan Katako, Yamai:

Na gode ƙwarai. Maigidana na Wadata, gaskiya ka faɗa, kuma ina da irin taransifomar a ajiye. Abin da ya hana ni shi ne akwatin zai zauna taƙi ɗaya daga talhon da ke buɗe, kaurinsa kuma bai kamata ya wuce yatsu biyu ba don ya shiga ƙarƙashin fitilar teburin.

Baba Malam, na aro janareton mita a wurin wani ɗalibin EMIG, makarantar injiniyoyi ta Yamai, na yi awon kamar yadda ka ce. Sandunan biyar sun ba da kilohaz 54.6, da 54.9, da 55.0, da 55.1, da 55.8. Shigar kowace ta nuna wajen nanofarad 100, fitarta kuma fikofarad 15. Yaya Ƴar Adar, na kankare gam ɗin da reza a hankali, sai dai bakin mai 55.8 ya ɗan ɓantare. Shin in haɗa huɗu in bar ta, ko uku na tsakiya za su isa? Kuma har yanzu ban gane abin da ya sa taransistocin ke zafi ba.

Tsohon Malamin Lantarki, Tawa:

Madalla ɗana, yanzu muna magana da lambobi. Dubi abin da zai faru da a ce ka sake haɗa fitarsu kai tsaye ka kora su a kilohaz 57. Mai 54.6 tana nesa da 2.4, mai 55.8 tana nesa da 1.2 kawai, saboda haka ta biyun za ta ɗauki kusan ninki biyu na gudun ta farkon. Zafin da ke tashi a jikin tangaran yana bin gudun ne a ninke da kansa, wato za ta yi zafi ninki huɗu. Zafi kuma yana ƙara asarar cikinta, asarar ta ƙara zafi, har ta kai inda ta ƴar'uwarta ta kai. Ajiye mai 55.8 gefe, balle ma ta ɓantare. Uku na tsakiya, 54.9 da 55.0 da 55.1, sun dace da juna kamar an zaɓo su, kuma idan kowace ta ba da wat uku ka sami taran da kake nema. Sai dai ban so ka tsaya a kan iyakarsu ba, domin shagon kwano a Yamai cikin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40 tun kafin ka kunna komai. Ƙara mai 54.6 ta zama ta huɗu da nata tsanin, ko da rabonta ya ɗan gaza na sauran, za ta rage musu nauyi. Ka riƙa taɓa gefen silikon bayan ka kashe ka sauke caji. Idan yatsa bai iya zama a kai ba, ka rage kora.

Lambar fikofarad 15 tana gaya maka kayan da sandar ta fi so. Ka raba ɗaya da ninkin 6.28 da mita da kwandansar fita, za ka sami wajen kilo'om 190, kuma a nan ne asararta ta fi ƙanƙanta. Ka ga ke nan rezistocin da Ƴar Adar ta ba ka shawara sun yi kusa sosai. Idan kaya ya yi nisa da wannan ta kowane ɓangare sandar za ta fi zafi, idan kuma babu kaya sam motsinta zai yi ta hawa har ta karye. Matatar ƙura kuwa ba ta jan komai sai wayar ta fara hucin wuta, don haka dole ka sa rezisto na dindindin a ƙarshen tsanin, wanda zai riƙa jan ɗan gudu koyaushe, ya kuma sauke cajin kwandansa idan an kashe. Wannan na biyun don ranka ne. Kwandansa mai volt 6,000 ba ta san an zare batir ba.

Zafin taransista kuwa lissafinsa a fili yake. Sanduna huɗu nanofarad 400 ke nan, kana cika su kana zubarwa sau 55,000 a daƙiƙa da wuta mai kusurwa. Ninka kwandansa da volt 12 sau biyu da mita, za ka ga fiye da wat uku suna ƙonewa a taransista ba tare da sun yi aikin komai ba. Sa bobin tsakanin taransistocin da sandunan, wajen maikrohenri 20, wanda zai yi amo da nanofarad 400 ɗin kusa da mitarka. Zai tausasa kusurwar wutar ta koma kamar igiyar ruwa, taransista su riƙa buɗewa lokacin da volt ya sauka. Ka lura cewa bobin zai ɗaga volt ɗin da ke isa sandunan, don haka ka fara gwaji da volt 5 ko 6, kada ka fara da batir.

Kora ɗaya za ka yi wa dukkansu. Idan ka ba kowace nata 555, bambancin mitocinsu zai fito a matsayin kuka da kunne ke ji, ya kuma bi ta wayar batir. Murɗawa da hannu ma ba za ta ɗore ba, tunda mitar da ta dace tana matsawa da zafi da kaya. CD4046, guntun lantarki mai sauya mita da kansa, zai iya yi maka: ya fara daga sama, kamar kilohaz 62, ya riƙa saukowa har volt ɗin fita ya kai abin da ka yanke, ya tsaya a nan, kuma ka sa masa iyakar ƙasa a wajen 56 don kada ya taɓa faɗawa tsakanin sandunan.

Ƴar Adar, Yamai:

Ƙari ɗaya a kan shimfiɗar allon, tunda ƙura ce za ta riƙa ratsa akwatin. Busasshiyar iska tana jure kusan volt 3,000 a milimita, amma fuskar allo mai ƙura ba ta kai ko kusa ba, musamman idan damina ta shigo ƙurar ta sha laima. Jera sandunan su fuskanci gefe ɗaya, shiga duk a hagu, fita duk a dama, ka bar aƙalla santimita ɗaya tsakanin bakunan fita, ka yanka tsaga a allon ƙarƙashin kowane tsani. Ɗigon dalma a ɓangaren wuta mai ƙarfi ya zama mulmulalle, babu tsini, domin daga tsini huci ke fara fita. Ka kashe fitila da dare ka duba, duk inda ka ga shuɗin haske ka sake narka shi. Ka raba ɗakin sandunan da hanyar iska da bango, amma kada ka cika shi da kakin zuma ko silikon kamar yadda ake yi wa bobin, sandar na buƙatar sarari ta motsa. Idan ka ji wari mai kaifi irin na bayan tsawa ya yi yawa a shagon, ozon ne, ka rage volt ka buɗe ƙofa. Ka fara da sanda ɗaya da tsaninta a kan rezistocin gwaji na tsawon awa guda, ka rubuta volt da mita kowane minti goma, ka kawo mana kafin ka ƙara ta biyu.